Kuɗin Gwamnati da Gwajin Ciwon Daji na Tafi-da-Gidanka a Karkarar Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ya dace gwamnati ta kashe kuɗi idan ta ƙudiri aniyar kai gwajin ciwon daji ƙauyukan Arewacin Nijeriya ta hanyar ayarin tafi-da-gidanka. An yi bitar dokokin kuɗin lafiya na ƙasa da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, an kuma auna su da sakamakon manyan binciken da aka yi a Indiya da tarihin shirin tantancewa na Amurka. Matsayar maƙalar ita ce, duk kasafin da ya tsaya ga sayen mota da na'ura, bai tanadi kuɗin da zai raka majiyyaciya daga ranar gwaji zuwa ƙarshen magani ba, to ba zai rage mace-mace ba.

1.0 Gabatarwa

Ƙiyasin da hukumar binciken ciwon daji ta duniya mai mazauni a Liyon ta ƙasar Faransa ta fitar na shekarar 2022 ya nuna cewa sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Nijeriya duk shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Sankarar mama ce kan gaba da fiye da mata 32,000, sai sankarar prostate ta maza da ke danne mafitsara, sannan sankarar bakin mahaifa da fiye da mata 13,000. Waɗannan alƙaluma an gina su ne bisa rajistocin da ke manyan birane. Matar da ta rasu a ɗakinta a wani ƙauyen Jigawa ko Zamfara, ba tare da likita ya taɓa ganin ta ba, babu rajistar da ta rubuta sunanta.

Nisa da rashin kuɗi su ne ƙashin bayan matsalar. A binciken alƙaluman jama'a da lafiya na ƙasa na 2018, kashi 46 cikin 100 na mata sun ambaci samun kuɗin magani a matsayin babban abin da ke hana su zuwa asibiti, kashi 26 kuma suka ambaci nisa. Daga nan ne tunanin asibitin tafi-da-gidanka ya samu karɓuwa: tun da jama'a ba su iya zuwa wurin gwaji, a kai musu gwajin har ƙofar gida. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi biyu. Wane irin gwaji ne ya cancanci a ɗora shi a mota da kuɗin jama'a? Kuma wane ɓangare na aikin ne ya fi buƙatar a tanadar masa kuɗi a kasafi?

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Tushen duk wata muhawara kan tantance masu lafiya don gano cuta shi ne littafin Wilson da Jungner wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1968. Cikin sharuɗɗa goma da suka shimfiɗa, biyu sun shafi wannan nazari kai tsaye: wajibi ne a samu wurin tabbatar da cuta da wurin magance ta kafin a fara neman masu ita, kuma aikin ya zama mai ɗorewa, kada ya zama na sha-yanzu-magani-yanzu. Shekara uku bayan haka, Julian Tudor Hart ya wallafa ra'insa a mujallar Lancet, inda ya nuna cewa kulawar lafiya mai inganci takan yi ƙaranci a daidai wurin da aka fi buƙatar ta. Masu goyon bayan motocin gwaji sukan kafa hujja da Hart, masu ɗari-ɗari da su kuma da Wilson da Jungner. Dukansu suna da gaskiya, sai dai kasafin kuɗi ne ke raba gardamar.

Hujja mafi ƙarfi daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta fito ne daga Indiya. A gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu, Sankaranarayanan da abokan aikinsa (2007) sun nuna cewa duba bakin mahaifa da ido bayan an shafa masa ruwan binega, wanda ma'aikatan jinya suka yi a ƙauyuka, ya rage kamuwa da cutar da kashi 25, mutuwa kuma da kashi 35. A gundumar Osmanabad kuwa (2009), cikin mata sama da 130,000, gwajin ƙwayar cutar HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi, alhali duba da binega bai nuna raguwa mai ƙwari ba a wannan binciken. Game da mama, Mittra da abokansa (2021) sun bi mata sama da 150,000 a Mumbai tsawon shekara 20. Mata ma'aikatan lafiya da aka horar ne suka riƙa duba mama da hannu, ba na'ura. Sakamakon shi ne an riƙa gano cutar da wuri, mutuwa kuma ta ragu da kusan kashi 30 a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama. Abin lura a dukan binciken ukun shi ne, masu binciken sun tanadi hanyar tabbatar da cuta da magani ga duk wadda aka gano.

A nahiyar Afirka, bitar da Jedy-Agba da abokanta suka yi (2016) ta nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na baƙaƙen mata masu sankarar mama a kudu da Sahara sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. McCormack da abokanta (2020) kuma sun gano cewa a asibitocin da suka bibiya a kudu maso gabashin Nijeriya, kashi 36 kaɗai na majiyyatan ne suka kai shekara uku a raye. Waɗannan ayyuka sun bayyana girman matsalar, amma ba su tsaya kan yadda za a tsara kuɗin magance ta a karkara ba. Wannan giɓi ne maƙalar ke son taɓawa.

3.0 Hanyar Bincike

Nazarin na takardu ne. An karanta Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta 2022, da tsare-tsaren yaƙi da ciwon daji na ƙasa na 2018 zuwa 2022 da na 2023 zuwa 2027, tare da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan sankarar mama da ta bakin mahaifa. An ɗauki aikin tantancewa a matsayin sarƙa mai gaɓa biyar: gayyata, gwaji, isar da sakamako, tabbatar da cuta, da magani. A kowace gaɓa an tambaya: wa ke biya, daga wane asusu, kuma shin kuɗin na shekara ɗaya ne ko mai maimaituwa?

4.0 Nazari

4.1 Inda kuɗin yake

A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya. Kason lafiya a kasafin tarayyar Nijeriya ya daɗe yana kai-kawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Wasu jihohin Arewa, irin su Kano da Kaduna, sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a kasafinsu, ko da yake rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya yake fitowa.

Duk da haka akwai asusu uku da suka shafi batun. Na farko shi ne Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko wanda dokar 2014 ta kafa, mai karɓar aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, wanda aka fara sa wa kuɗi a kasafin 2018 da kimanin naira biliyan 55. Dokar ta raba shi kamar haka: rabi ga inshorar muhimman ayyukan lafiya, kashi 20 ga magunguna da kayan aiki, kashi 15 ga gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Kalmar sufuri da ke cikin wannan doka ita ce ƙofar da ayarin tafi-da-gidanka zai iya shiga ta cikinta ba tare da an jira sabuwar doka ba. Na biyu shi ne Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya. Na Arewa su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na tarayya da ke Gwambe, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Na uku shi ne asusun marasa galihu da dokar inshora ta 2022 ta tanada. A gefe guda akwai cibiyar bincike da magance ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023.

Matsalar ita ce waɗannan asusu ba sa magana da juna. Asusun matakin farko ya tsaya a ƙaramin asibitin mazaɓa, na ciwon daji kuma ya fara ne daga babban asibitin koyarwa, bayan an riga an tabbatar da cuta. Gaɓar da ke tsakani, wato kuɗin mota zuwa birni, da ɗebo ɗan nama don gwaji, da jiran sakamako, da masauki, ita ce ba ta da uba. Mota kuwa galibi tana shigowa ne ta layin manyan ayyuka ko ayyukan mazaɓu, wanda ake biya sau ɗaya. Man da za ta sha, da gyaranta, da alawus ɗin ma'aikata, da sinadaran gwaji, duk na layin yau da kullum ne, kuma tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023 farashinsu ya ninka.

4.2 Wane gwaji ya cancanci hawa mota

Ba kowane ciwon daji ne ke amsa tantancewa ba, kuma nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi.

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta fi cika sharuɗɗa. Kusan dukanta ƙwayar HPV ke haddasa ta, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin tabon farko ya rikiɗe ya zama sankara a jikin mace mai ƙarfin garkuwa. Wannan dogon lokaci shi ne damar. A Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar bisa buri uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka gano magani. Nijeriya ta shigar da rigakafin cikin jadawalinta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Amma rigakafin ba zai amfani iyayensu mata ba. Su gwaji ne kaɗai garkuwarsu.

Ƙa'idar hukumar ta 2021 ta fifita gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuma daga shekara 25. Abubuwa uku sun sa wannan gwaji ya dace da karkarar Arewa. Mace na iya ɗaukar samfurin da kanta a keɓe, wanda ya sauƙaƙa lamarin kunya da na kulle. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba a asibitoci don gwajin tarin fuka suna iya gudanar da shi idan an samar da sinadarinsa. Sannan tabon farko ana iya ƙone shi nan take da ƙaramar na'urar zafi mai aiki da batir, wadda ake ɗora kanta a wurin na ƙasa da minti ɗaya, kuma ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti da aka horar tana iya yi. Kayan ɗaukar samfuri da na'urar zafin ba su da girma. Ma'ana, ayarin da ake buƙata ba lalle sai ƙatuwar mota ba. A-kori-kura ko babura ma sun isa, kuma su ne ke iya ratsa hanyoyin da damina ke yankewa.

Sankarar mama lamarinta daban ne. Motar da ke ɗauke da na'urar hoton mama ita ce ta fi ɗaukar ido a ranar ƙaddamarwa, ita ce kuma ta fi tsada da saurin lalacewa a kan hanya mai gargada da ƙura. Tana buƙatar wuta mai ƙarfi, da injiniya, da likitan da zai karanta hoton. A Ingila, inda aka fara shirin a 1988, motocin suna aiki ne domin akwai rajistar da ake aika wa kowace mace takardar gayyata daga cikinta duk shekara uku, da asibitin da ke jiran duk wadda hotonta ya nuna alama. Inda mafi yawan majiyyata ke zuwa da ƙullutun da hannu ke ji, har ma da gyambo, abin da ya fi gaggawa shi ne duba da hannu da hanzarta tabbatarwa. Shirin duniya kan sankarar mama na 2021 ma a nan ya sa ma'auninsa: a gano kashi 60 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala tabbatarwa cikin kwana 60, kashi 80 kuma su gama magani. Gwajin jini na sankarar maza ga waɗanda ba su da alama har yanzu masana na saɓani a kansa, don haka bai kamata ya ci kuɗin ayarin ba.

4.3 Daga sakamako zuwa magani

Wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace nauyi, kuma tarihin Amurka ya isa darasi. A 1990 majalisar ƙasar ta kafa shirin gwajin mama da bakin mahaifa kyauta ga mata marasa inshora, amma dokar ba ta yarda a kashe kuɗin shirin kan magani ba. Shekara goma aka yi ana gano mata da cuta ana barin su da neman taimakon asibitocin agaji, har sai da aka yi wata dokar a 2000 wadda ta bai wa jihohi damar ɗaukar nauyin maganinsu ta shirin Medicaid. Idan ƙasa mai wannan arziki ta faɗa wannan rami, ƙasar da jama'arta ke biyan magani daga aljihu ta fi kusa da bakinsa.

Lissafi na misali zai fayyace lamarin. A ƙaddara mata 100 gwaji ya nuna suna da alama, kuma a kowace gaɓa uku da ta rage, wato karɓar sakamako, da tabbatarwa, da fara magani, kashi 30 na zubewa. Saba'in za su karɓi sakamako, 49 su tabbatar, 34 kaɗai su fara magani. Ƙara yawan motoci ba zai canza wannan kaso ba. Sai dai ya ƙara yawan waɗanda aka sanar da su mugun labari aka bar su da shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Zubewar tana da dalilai sanannu. Likitocin da ke duba nama a madubin ɗakin gwaji kaɗan ne, kuma a manyan asibitoci suke. Cibiyoyin gashin ciwon daji da na'ura a Arewa ba su da yawa, daɗaɗɗun cikinsu suna Zariya da Sakkwato da Abuja, kuma gashi na nufin zaman makonni a garin da ba naka ba tare da mai jinya. Magidanci a ƙauye zai sayar da hatsi ko dabba, wani lokaci har gona, kafin a kai rabin alluran maganin cutar. Saboda haka tilas kasafin ayarin ya ƙunshi abubuwan da ba a saba gani a takardar kwangila ba: kuɗin mota na majiyyaciya da mai rakiya, jigilar samfuri zuwa ɗakin gwaji maimakon jigilar mutum, katin waya, da albashin jami'ar bibiya wadda aikinta shi ne riƙe sunan kowace mace har a ga ƙarshen lamarinta. Ya kuma kamata sakamakon gwajin ayari ya zama shi ne takardar shiga asusun marasa galihu da asusun ciwon daji kai tsaye, ba sai an sake bin layi ba.

4.4 Ma'aikata da amincewar jama'a

Gwajin nan na al'aurar mata ne, don haka ayarin da ba mata ne ke aiki a cikinsa ba zai koma da kayansa. Horar da ma'aikatan lafiya mata 'yan asalin yankin, da barin na'urar ƙona tabo a asibitin mazaɓa bayan ayari ya wuce, ya fi ɗauko ƙwararru daga birni na yini guda.

Amincewa ma tana da farashi. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ya nuna abin da zargi ke iya jawowa. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigar sarakuna da malamai, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009. Wannan hanya tana nan: hakimi, dagaci, mai unguwa, limami, malaman Islamiyya mata, da ungozomomin gargajiya. Dole kuma a yi magana da mazaje, tun da izini da kuɗin mota a hannunsu suke. Akwai daɗaɗɗen imani cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, kuma abin da ke ƙarfafa shi shi ne jama'a sun fi ganin waɗanda suka je asibiti a makare suka rasu bayan tiyata. Mace ɗaya da ta warke ta dawo garinsu tana harkokinta ta fi kowace sanarwar rediyo tasiri, kuma samun irinta ya dogara ne kacokan kan kuɗin da aka bayyana a sashe na 4.3.

4.5 Ma'aunin da ya dace kasafi ya bi

Rahoton da ya tsaya ga adadin garuruwan da aka ziyarta da matan da aka gwada yana auna zirga-zirgar mota ne kawai. Abin da ya kamata majalisar jiha da ma'aikatar kuɗi su nema kafin sakin kaso na gaba shi ne: cikin waɗanda aka samu da alama, nawa aka ƙone wa tabo a ranar, nawa aka tabbatar da cutarsu cikin kwana 60, nawa suka gama magani. Wannan na buƙatar rajista mai suna da mazaɓa da lambar waya, a hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, yadda za a san wadda lokacin sake gwajinta ya yi.

Hakan na nufin a fara da ƙananan hukumomi kaɗan maimakon a bazu. Jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44, ko Katsina mai 34, ba za ta iya gyara sarƙar a ko'ina lokaci guda ba. A zaɓi yankin da babban asibitinsa ya shirya ɗebo nama da aika shi, a tsara zuwan ayari bisa ranakun kasuwa da na awon ciki, a kuma sanar da ranar dawowarsa tun kafin ya tashi. A yankunan da rashin tsaro ya hana ayari shiga, kamar sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, kayan ɗaukar samfuri da kai na iya tafiya ta hannun ma'aikatan da ke zaune a can, a tattaro su zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, sakamako ya koma ta waya, waɗanda ke buƙatar magani kuma a biya musu kuɗin fitowa.